Ranar da Mugun Dawa Ya Kayar da Baba a Fadama

Ranar wata Asabar ce a ƙarshen damina, shekarar da nake aji huɗu na firamare, gero ya yi kai amma bai isa yanka ba. Ina tsakar gida ina wanke ƙore sai ga Baba ya dawo daga fadama tun hantsi bai ɗaga ba, abin da bai saba yi ba. Saiwar rogo ce a hannunsa, an gutsure ta biyu. Ya jefar da ita gaban turmi, ya shige ɗakinsa, muka ji yana sauko da bindiga daga inda take rataye. Da ya fito ya gaya wa Inna cewa mugun dawa ne, wato aladen daji, ya sake shiga gonar, ya tone duk kunyoyin da ke gefen rafi. Inna ta roƙe shi ya bari a tara mutane. Ya ce kowa yana fama da tasa gonar, ba zai tayar da gari saboda alade ɗaya ba. Ya kira karensa Baƙi, suka fita.

Sunan mahaifina Mani, a ƙauyenmu da ke kusa da Horo Birni kuwa Mani maharbi ake ce masa, ko da yake noma ya fi cin ransa a kan harbi. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ba ya son yawan magana. Tun asuba yake saɓa kalme, wato fartanyarsa, ba ya dawowa sai rana ta karkata, kuma ko a gajiye yake sai ya duba awaki, ya taɓa jinkar rumbu ya ga ko tana yoyo, sannan ya zauna bisa tabarma ƙannena su hau kansa. Shi yake sassaƙa mana motar kara, shi yake cire mana ƙaya da tsinin wuƙarsa ba tare da mun ji zafi ba. In an gama kaka sai ya shiga daji ya dawo da zabi da fakara da zomo, wani lokaci har gada, kuma kafin tukunyarmu ta hau wuta sai an kai wa maƙwabta nasu kason. Ni ce babba a gidan. Sunan mahaifiyarsa Kulu aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake ce mini. Samarin da ke bin sa farauta kuwa abu ɗaya yake yawan maimaita musu: "In ranka ya ɓaci, aje bindiga ka tahi gida." Ranar nan ransa a ɓace ya fita, kuma na ga Inna ta lura, domin ta daɗe tsaye a bakin zaure da taɓarya a hannu.

Ɓacin ran nasa yana da dalili. Geron bara bai yi albarka ba, rumbu ya kusa komawa ƙasa, rogon fadamar nan ne yake riƙe da mu kafin sabon hatsi ya shigo. Da shi muke karyawa, da shi Inna take haɗa kwaɗo da ƙuli mu tafi makaranta. Duk kunyar da aladen ya tone, abincinmu ne ya tafi.

Da rana ta take, Inna ta dama fura ta rufe da faifai, ta ɗora mini a ka. Ta ce in miƙa in juyo, kada in tsaya. Hanyar na san ta kamar tsakar gidanmu: a bi ta bayan makaranta inda muke 'yar carafke da gaɗa, a ratsa gonakin gero da suka fi ni tsawo, a gangara inda ƙasa take fara laushi tana manne wa ƙafa. Na tarar da Baba tsugune a bakin gonar yana duban sawu. Bai karɓi furar ba. Ya ɗora yatsa a baki, ya nuna mini Baƙi, wanda ya tsaya can gaban wani rami a cikin gamba, gashin bayansa a tashe, yana gurnani ƙasa-ƙasa. Na taɓa jin Baba yana cewa mugun dawa da baya yake shiga rami, fuskarsa da haurensa suna duban waje, don haka ba a tsaya masa a baki. Ramin nan kuwa yana gefen hanyar da na biyo yanzu, kuma ta nan zan koma.

Akwai wata tsohuwar kanya a kan iyakar gonar. Baba ya sauke mini ƙwaryar, ya ɗaga ni cak ya ɗora a reshe, ya ce in ƙara hawa sama, kuma kome na gani kada in sauko sai ya ce. Daga can ina ganin komai. Ya zagaya ta gefe, ya durƙusa, ya saita bindiga, ya yi wa kare fito. Baƙi ya fara haushi yana tono bakin ramin. Sai ƙasa ta yi kamar ta fashe. Abin ya fito baƙi-ƙirin da taɓo, ya fi duk yadda nake zato, ya ɗaga karen sama ya yar. Bindiga ta tashi, hayaƙi ya rufe wurin. Na ga aladen ya faɗi a kan gwiwa, na ɗauka an gama. Sai ya miƙe.

Bindigar Baba irin ta ɗuri ce, harbi ɗaya take yi sai an sake zuba albarushi an danna. Ko jakar albarushin bai kai ga buɗewa ba aladen ya iso. Baba ya tare shi da gindin bindigar, ta fita daga hannunsa, suka faɗi tare cikin rogo. Ban san na yi ihu ba sai da na ji maƙogwarona yana zafi. Da ƙura ta lafa, aladen ya ja jiki yana ɗingishi ya shige gamba, daidai kan hanyar gida, ya kwanta. Ba na ganinsa, amma ina ganin ciyawar tana motsi, ina jin numfashinsa kamar ana hura zugazugi. Baba yana kwance rigingine, wandonsa ya yage daga gwiwa zuwa cinya, jini yana fita ba tsayawa. Baƙi bai ƙara motsi ba.

Can sai na ji muryarsa, a hankali, kamar yana aike na kanti.

"Uwata, kina jina? Sauko ta bayan iccen ga. Kak ki yi gudu."

Ban sauko ba. Na ce masa aladen yana nan, ina jin shi. Ya ce shi ma yana jin shi, amma ya sha dalma, harbin ya same shi, ba ya son tashi sai an tsokane shi. Na sulalo ta bayan kanyar, ɓawonta yana kankare mini ciki, na rarrafa har inda yake. Ya sa na kwance kallabina na ɗaura masa sama da ciwon, ya ba ni guntun karan rogo na soka a ƙullin, ya ce in murɗa. Na murɗa, ya ce in ƙara. Fuskarsa ta yi fari kamar toka, gumi yana tsattsafo masa, amma sai da jinin ya rage kafin ya bar ni na saki. Sau ɗaya gambar ta yi motsi da ƙarfi, muka yi tsit mu duka, ya zaro wuƙarsa ya riƙe a ƙirji. Sannan motsin ya kwanta.

Hanyar gida ta toshe. Abin da ya rage sai a tsallaka rafi, kuma a tsallaken babu kowa sai Ja'e, wani makiyayi da ke kiwo a wajen. Tun farkon daminar shanunsa suka shiga waken Baba, aka yi cacar baki har gaban mai gari, daga nan ko gaisuwa ba sa yi, mu ma an hana mu zuwa rugarsu sayen nono. Na tuna wa Baba wannan. Ya rufe ido ya ce, "Tahi ki ce mishi Mani na kwance. Shi ke nan."

Ruwan ya kai mini ƙirji. Ina tafe ina jin kamar abin yana bayana, ban yarda na waiwaya ba. Da na hau tudu sai na zuba da gudu, ƙaya tana suka ta ban ji ba. Na hango Ja'e a jingine da sandarsa, ƙafa ɗaya bisa gwiwa. Na faɗi abin da aka ce in faɗa, na ƙara da cewa alade ne, bai mutu ba. Ya dube ni, ya dubi jinin da ke hannuna har gwiwar hannu. Na tsaya ina jiran ya juya mini baya. Ya ɗaga murya ya yi wa shanun kira da Fulatanci, garken duka ya ɗago kai, ya kora su cikin rafi.

Sai daga baya na gane dabarar. Bai nufi wurin Baba kai tsaye ba, ta cikin gambar ya bi da shanun, yana kuwwa yana dukan ciyawa, manyan bijimai a gaba. Ƙasa tana girgiza. Na ga aladen ya miƙe, ya tsaya kamar zai yi kan garken, sannan ya juya yana jan ƙafa ya nufi daji. Washegari mutanen gari suka tsinci gawarsa kusa da wani suri.

Ja'e ya durƙusa ya duba ɗaurin, ya ƙara masa da rawaninsa. Baba ya buɗe baki zai yi magana, Ja'e ya ce masa ya adana numfashinsa. Ya kama takarkarinsa, ya ɗora Baba a kai, yana riƙe da shi ta gefe. Kafin su tafi ya miƙo mini sandar kiwon, ya ce in tsaya da shanun, matarsa za ta iso. Haka aka bar ni, ɗiyar manomi, da garken da ban san sunan ko saniya ɗaya ba. Suka bazu cikin gonar suna cin ganyen rogon nan da aka zubar da jini saboda shi. Na ɗaga sandar na kasa korar ko maraƙi. Tsaye nake kusa da gawar Baƙi ina kallon hanya, har matar Ja'e ta iso da ƙwaryarta a ka. Ta wanke mini hannu a rafi, ta ce in ruga gida.

Inna tana tankaɗe lokacin da na shiga. Ta ga ba kallabi a kaina, ta ga rigata. Tambaya ɗaya ta yi mini, ko yana magana lokacin da aka tafi da shi. Na ce yana yi. Ta ajiye rariya, ta yafa mayafi, ta bar mini ƙannena, ta fita nemansu. Gidan ya cika da mata, kowa na faɗin abin da ya ji, wata ma ta fara salati irin na rasuwa har aka tsawata mata. Ni dai na hura wuta na dafa abin da Inna ta bari, na ba yara, kunnena yana waje. Duk babur ɗin da ya wuce sai in leƙa waje. Sai dab da magariba wani mai babur ɗan Kajiji ya tsaya a ƙofa. Shi ne ya tsince su a bakin hanya, ya ɗauki Baba a tsakiya, Ja'e a baya yana rungume da shi, har asibitin Shagari. Ya ce an ɗinke, yana da rai, kuma ma'aikatan sun ce ɗaurin ne ya kawo shi da rai. A nan ne na zauna ƙasa na yi kukan da ya daɗe yana jira.

Da aka sallame shi, Kawu Sani, ƙanen Inna da ke ɗinki a kasuwar Boɗinga, ya ɗauke shi zuwa gidansa don ya riƙa zuwa wankin ciwo. Geronmu gayya aka yi aka yanke, Ja'e ya aiko da takarkari aka kwaso dammuna. Ranar da Baba ya dawo, da sanda, wurin da ya fara zuwa shi ne rugar. Ban san abin da suka tattauna ba. Ba su zama aminai ba, amma gaisuwa ta dawo, nono ya dawo gidanmu, kuma maganar rogon da shanu suka ci ba wanda ya taɓa tayar da ita. Bayan wasu shekaru Ja'e ya yi kudu da garkensa, ba mu ƙara jin labarinsa ba. Baba ya ci gaba da noma har tsufa, ya aurar da mu, ya ga jikoki. Harbi kuwa ya rage sai na zabi a bakin gona, kuma bai sake ajiye kare ba.

Yanzu a Boɗinga nake da aure, Baba ya rasu, ƙanena ne ke noman fadamar. Gambar ta ƙare, an nome ko'ina har bakin ruwa, injin ban ruwa ne ke kuka a inda fakara take kuka. Yaran yanzu ba su taɓa ganin mugun dawa ba, amma ba uwar da za ta ɗora wa 'yarta fura ta tura ta can ita kaɗai, domin yau mutane ake tsoro a daji. 'Ya'yana sun san kakansu a matsayin tsoho mai jan ƙafa da ke ɓoye musu gyaɗa a aljihu. In na kwana ƙauye, da asuba nakan farka kafin kowa, in kasa kunne ko zan ji takun nan nasa yana fita gona, ɗaya mai nauyi, ɗaya yana sharar ƙasa. Sai zakara ya yi cara, ba wanda ya buɗe ƙyaure. Allah ya jiƙan Baba.