Sai An Yi Handoba

Ana sallame sallar asuba muka bar Kaduna, ni da yayana, a wata doguwar bas da kujerunta suka gaji da duniya kamar yadda na gaji. Masu tambayar ina na shige kwana biyu, to Legas na je, kuma ba yawon buɗe ido ba. Dangi ne suka zauna suka yanke a ɗauko Gwaggo daga Agege a dawo da ita gida. Ta haura saba'in da biyar, ga ciwon suga, ido ya fara janyewa, miji ya rasu, Allah kuma bai ba ta haihuwa ba. Watan jiya ta faɗi a banɗaki, sai da maƙwabta suka ɓalle ƙofa. Da aka zo zaɓen wanda zai je, kowa ya juyo ya kalle ni, wai ni ce nas. A danginmu in kina nas, hutunki na kowa ne. Mako ɗaya kacal aka ba ni a wurin aiki.

Kuɗin mota ya kusa ninka na bara, mai yankar tikitin kuma yana faɗa yana murmushi kamar albishir yake yi mana. A Lokoja muka tsaya cin abinci. Kifin da aka sayar mana ƙaya ta fi tsoka yawa, barkono ne ya rufa masa asiri. Daga Okene hanya ta fara jijjiga mu, rami na miƙa mu ga rami, har wata mata a bayana ta daina salati ta koma tsaki. Yayana fataucin albasa yake yi a kasuwar Mile 12 ta Legas, ya san hanyar nan kamar yunwar cikinsa, don haka ya sheƙi barcinsa. Ni kuwa ƙafafuna suka kumbura kamar an kwaɓa fulawa. Sai bayan isha'i muka shiga Legas, muka kwana gidan abokin cinikinsa, da safe ya sa ni a motar haya ta danfo daga Oshodi ya kama gabansa.

Agege tana nan yadda na bar ta ina yarinya, sai dai ta ƙara cika. Mai shayi zai yi maka Hausa, ya juya ya yi wa na kusa da kai Yarbanci, ya zagi ɗan okada da Turancin buroka, duk a numfashi ɗaya. Na sayi burodin nan nasu mai laushi da wake dafaffe mai baƙin yaji, na ci a tsaye. Gaskiya wannan kaɗai ne daɗin da na ji a tafiyar.

Na tarar da Gwaggo a ɗaki, hancinta na neman taɓa talabijin. Na yi sallama, ta amsa ba ta waiwayo ba.

"Oya, shigo 'yar nan, amma ki yi shiru, babbar Sista na magana."

Wani wasan kwaikwayo ne mai dogon zango, na nas-nas ɗin sojan Ostiraliya a wani tsohon yaƙin Turawa. Mata ne cikin riguna ruwan toka da jan mayafi a kafaɗa, suna jinyar sojoji a tantuna, ruwa ba ya isa, bandeji ya ƙare har suna yaga tufafinsu. Maƙwabciyarta Maman Ladi, 'yar Kudancin Kaduna da ke aiki a kemis, ita ta sa mata shi a filashi. Gwaggo ma tsohuwar nas ce. Ta yi aiki a asibitin soja lokacin yaƙin basasa tana budurwa, kafin ta auri dillalin shanu ya kawo ta Agege. Ba ta taɓa ba mu labarin yaƙin ba, mu ma ba mu taɓa tambaya ba.

Bayan mun gaisa na faɗa mata abin da ya kawo ni, na ce ta nuna min kayan da za a ɗaure. Ta ce sai ta gama kallo. Na ɗauka wasa take. Ashe kashi takwas ya rage, wuta kuma a unguwar sai ta ga dama take zuwa. Da yake idonta ba ya gani sosai, ni aka naɗa mai bayani: wa ya shigo, wa ke kuka, wa ya cika. Turancinsu kamar sun cika baki da garin kwaki suke yi, amma Gwaggo na ganewa. Ta ce ihun mai ciwo yare ɗaya ne a ko'ina. Ta kuma yi ta gyara musu aiki, wai wannan ba ta iya ɗaure bandeji ba, waccan ta taɓa gashinta ba ta wanke hannu ba.

Kullum da safe kuma sai ƙofarta ta cika. Wani mahauci daga Oko-Oba da wuƙa ta zame masa a hannu, wata tsohuwa mai hawan jini, wani dattijo mai gyambo a ƙafa, wata mai jego. Kowa "Sista" yake kiranta, ba mai cewa Hajiya. Da lalube take wanke ciwo, tana yi tana faɗa. Ni haushi nake ji. Na baro layin majinyata a Kaduna na zo na tarar da wani. Nakan karɓi auduga daga hannunta in gama da sauri, in ce musu akwai asibiti fa a garin nan, sannan in koma ɗaure kwanuka.

Rana ta uku da azahar yayana ya bugo waya, ya ce ya kama mana kujera a motar jibi, in Gwaggo ba ta shirya ba in bar ta. Raina ya ɓaci, na zauna ina yi mata bayanin kallon a daƙile. A kashin da muke kallo, an ba nas-nas ɗin umarnin su bar sansani. Mota na jira, wani hafsa na daka tsawa, amma wata daga cikinsu ta riƙe hannun sabuwar nas da ta zo karɓar aiki, suna bin gado ɗaya bayan ɗaya tana yi mata bayani.

Na ce, "Gwaggo, ga 'yar'uwarki nan a taurin kai. Mota na jira, ta tsaya surutu."

Ta laluba ta kashe talabijin ɗin.

"Shekararki nawa a aiki?"

"Sha huɗu."

"Kin taɓa sauka daga aiki ba ki yi handoba ba?"

Ban taɓa ba. Duk nas ta san ba a cire takalmin aiki sai an bi gado gado an miƙa wa mai karɓa, an faɗa mata wa ya sha magani, wa za a sa wa ido.

Ta ce, "Tun da kika zo, tukwanena kike ƙirgawa. Ba ki tambaye ni majinyata nawa nake da su ba. Na ɗauka nas aka aiko min, ashe ɗan dako ne. A yaƙi rana ɗaya aka kwashe mu a gurguje, na bar wani soja da ƙarin ruwa a hannu, ban faɗa wa kowa akwai maganin da jikinsa ba ya karɓa ba. Har yau ban san yadda ya ƙare ba. Ba zan sake ba."

Kunya ta kama ni, irin wadda na daɗe ban ji ba. Ashe kallon nan jan lokaci kawai take yi, tana jiran in tuna aikina.

Washegari da hantsi muka fita mu uku, ni da ita da Maman Ladi. Gwaggo na dafe da kafaɗata muka bi lungu lungu, muna tsallake kwata, rana na dukanmu. Gida tara muka shiga. A kowanne sai ta tsaya ta yi bayani da ka, ni ina rubutawa. Mahaucin nan ƙarya yake yi in ya ce ya sha magani, sai an tsaya a kansa. Tsohuwar tana ɓoye gishiri a ƙarƙashin katifa. A gidan mai gyambo ta riƙe hannun Maman Ladi ta ce, "In ƙafar nan ta sauya launi kar ki taɓa, asibiti kawai, kin ji ko?" Da muka gama ta ciro tsohon agogonta na maƙalawa a ƙirji ta maƙala mata. Maman Ladi ta rusuna ta ce, "Na karɓa, Sista," tana share hawaye. Ba zan ɓoye ba, na ji kishi. Tun ina yarinya nake hangen agogon nan.

Da yamma da kanta ta ɗaure kayanta, akwati ɗaya da buhu. Na tuna mata kashi biyu ya rage, ko in kwafo mata.

Ta ce, "Bar shi, na san ƙarshen. Yaƙi zai ƙare, a mayar da su gida, a ba su kujera a ce su huta. Daga nan ba mai sake ce musu Sista."

A hanyar dawowa ramukan suna nan, kifin Lokoja ma bai ƙara tsoka ba. Gwaggo ta jingina da ni tun daga Ibadan, ta yi barcin da ban ga ta yi ba a Agege. Mun iso lafiya, na koma aiki ko ƙafata ba ta sace ba.

Abin da na koyo bai da yawa. Na je ɗauko tsohuwa da kayanta, na manta tana da aikin da take riƙe da shi. Yanzu tana ɗakin da ke kusa da nawa, an ba ta kujerar da ta faɗa. Amma duk ranar da na sauka daga aiki, komai gajiyata, ba na cire takalmi sai na tsaya a ƙofarta na ce, "Sista, na kawo handoba." Sai ta gyara zama ta ce, "Oya, fara daga gado na ɗaya."