Mutumin da Ya Ƙi Cire Takalmi a Gaban Baba

Wata rana, Asabar 17 ga Agusta, 2024, muka wayi gari da yayyafi a Zariya. Ƙasa duk ta jiƙe.

Ciyawar tsakar gidanmu ta kai gwiwa, maƙwabciyata ta turo mana wani mutum mai injin aske ciyawa, irin wanda ake jona wa wutar lantarki.

Ya shigo da dogayen takalman roba.

Mahaifina yana zaune a kujerarsa, dab da inda yake shimfiɗa dardumar sallah. Shekarunsa tamanin da uku, kuma ba mai taka wurin nan da takalmi. Ko likitansa cirewa yake yi.

Mutumin ya tuɓe nasa, ya durƙusa ya gaishe shi. Da ya miƙe zai fara aiki, sai ya mayar da su.

Na ga fuskar Baba ta canza.

Ni kuwa wani abu ne ya ja hankalina. Na miƙa masa doguwar wayarmu don ya jona injin, amma bai jona ba. Ya riƙa bin ta da yatsu a hankali, daga wannan baki zuwa wancan. Ya tsaya a inda ta taɓa tsinkewa muka ɗaure da leda.

Me yake nema?

Kafin in tambaya, Baba ya yi magana.

"Malam, nan wurin sallata ne. Ka cire takalman, ko ka ɗau injinka ka kama hanya."

"Allah ya ƙara girma, Baba. In tafiyar ce zan tafi. Wanda ya koya mini aikin nan, don ladabi ya tuɓe nasa a wani gida, ƙasa a jiƙe, waya a ɗaure da leda. Mu muka ɗauko gawarsa."



Mutumin ya nemi izini, ya ce kowa ya matsa. Ya jona wayar a soket ita kaɗai, ya ciro testa, abin gwada wutar lantarki, ya taɓa jiƙaƙƙiyar ledar da bakinta.

Ɗan ƙwan da ke ciki ya yi ja.

Wata shida ina jan wayar nan da hannuna in zan yi guga a baranda.

Baba ya dubi testar. Ya dubi ƙafafunsa a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa. A hankali ya jawo silifas ɗinsa ya saka.

"Bar takalmanka," ya ce. "Ke kuma uwata, a fitar mini da wayar nan daga gida."

Mutumin bai tayar da injin ba sai da rana ta fito ƙasa ta sha iska. Da tasa wayar ya yi aikin.

Yayana Mukhtari yana Gusau, yana da mai kula da lambu, kuma halinsa ɗaya da Baba a kan takalmi. Ba ya karanta saƙon waya. Na rubuta masa wasiƙa, ta kwana goma a jakata ina jin nauyin yi wa babba gyara. Jiya na kai ta gidan waya.

Darasi: In za a yi aiki da injin lantarki a tsakar gida, a jira ƙasa ta bushe, a duba waya tukuna, kada a yarda da ɗaurin leda. Kuma kada mu sa mai aiki ya zaɓi tsakanin girmama mu da ransa.

Ku tura wa duk wanda ake tuɓe takalmi a ƙofar gidansa.