Balki Mai Alkaki da Kunyar 'Yar Fari

Duk wanda ya taɓa yin biki a unguwar Zango ta Zinder ya san Balki, in bai san fuskarta ba ya san alkakinta. A gidan kakanta aka haife ta, wani tsohon gidan ƙasa da ya rage tun zamanin da ayari ke sauka a unguwar, kuma a tsakar gidan nan ta koyi sana'ar a hannun uwarta: a kwaɓa alkama da mai da tsami, a bar ta ta kwana, a murza a naɗe, a soya, a tsoma cikin sukarin da aka dafa. Hannunta na da sauri, bakinta kuwa nauyi gare shi. In ka yaba alkakinta sai ta sunkuyar da kai kamar ka kama ta da laifi.

Ita ce 'yar fari a ɗakinsu, kuma har uwarta ta koma ga Allah Balki ba ta taɓa jin sunanta a bakinta ba. "Ke" ake ce mata, ko "wannan", in an matsa a ce "yarinyar nan". Abin bai taɓa damunta ba. A gida mai cike da gwaggwanni da kakanni kowa ya san kunyar ɗan fari, kuma ta lura tun tana ƙarama cewa tsokar da ta fi kyau a kwanonta take sauka ba tare da an ce uffan ba. Da ta haifi tata 'yar farin, Zuliha, sai ta ɗora daga inda uwarta ta tsaya. Ba ta kiran sunanta, ba ta ɗaukarta a gaban mutane. Ƙanwar Zuliha kuwa, Munira, sunanta ya sha wuya a bakin Balki, daga safe zuwa yamma Munira zo, Munira bari, Munira za ki ƙone.

Mijinta Sallau ɗan Hamdara ne, ya zo birni yana kabu-kabu. Ba mugu ba ne, sai dai mutum ne da maganar uwarsa ke shiga kunnensa ta zauna, ta kowa kuma ta wuce. Auren ya mutu ba tare da wani tashin hankali ba, ya tattara ya koma gona. Rigima ɗaya ce ta kai su kotu, ita ce ta riƙon 'ya'ya. Alƙali ya yanke cewa yaran su zauna wurin uwarsu, Zuliha ta ci gaba da makaranta a Zinder, ta riƙa zuwa wurin ubanta da babban hutu, a dawo da ita kafin a koma aji. Balki ta naɗe takardar hukuncin cikin leda ta sa a ƙasan akwati, tana fatan kada Allah ya kawo ranar fiddo ta.

Bana Sallau ya zo da babur farkon damina ya ɗauki Zuliha, tana shekara bakwai. Damina ta wuce, aka buɗe makarantu, yaran unguwa suka riƙa wucewa ta ƙofar gida da jakunkunansu, shiru. Ta kira shi a waya, ya ce a bari a cire gyaɗa. Ta sake kira, ya ce Inna, wato uwarsa, ta saba da yarinyar, kuma ai 'yar fari ta kaka ce tun fil azal. Daga nan wayar ta daina shiga.

Nan ne Balki ta yi wautar da sai irinta za ta yi, kuma ko ni mai ba da labarin abin yana ba ni haushi. Ta zauna. Yaya za a ce an ga uwa tana bin hanya a kan 'yar fari, ido tsaye, har ta kai tsohuwar surukarta ƙara? Maƙwabta in sun tambaya sai ta ce, "Tana can, lafiya lau," ta ci gaba da murza alkaki. A ciki kuwa wuta ce. Abinci ya daina wuce mata, ta rame, duk ƙarar babur da ta tsaya a ƙofa sai gabanta ya faɗi. Ita da ba ta taɓa ƙona kasko ba, sai da ta zubar da alkakin bikin mutane saboda ya yi baƙi. Jakar makarantar yarinyar na rataye a ƙusa, ta kasa sauke ta, ta kasa kallonta.

Wata mai kawo mata gyaɗa daga kasuwar Mirriya, can wajen su Sallau, ita ce ta tsunduma ta cikin tsoro na gaske. Ta ce ta ji Sallau na shirin komawa wurin alƙali a canza hukunci, hujjarsa kuwa yarinya ta zauna lafiya kuma uwar ko neman ta ba ta yi ba. Washegari Balki ta fiddo ledar nan, ta bar Munira wurin maƙwabciya, ta nufi ofishin wata ƙungiya da ke taimaka wa mata a kan sha'anin shari'a.

Wadda ta karɓe ta, Madam Rahina, mace ce mai tabarau da saurin magana. Ta ɗauki alƙalami ta ce, "Sunan yarinyar?"

Balki ta tura mata takardar, ta ɗora yatsa a kan wurin.

Madam Rahina ta dube ta ta saman tabarau. "Ta fari ce ke nan. To, 'yar'uwa, kunyar nan ta kusa cinye miki 'ya. Hukuncin zuzu, wato alƙali, yana nan da ƙarfinsa, wanda ya ƙi mayar da yaro bayan an yanke shi ya taka doka. Amma duk zaman da kika yi, ubanta kika yi wa aiki."

"Madam, kulle shi za a yi? Ni ba na son a kulle uban 'ya'yana."

"Ba mu kai nan ba. Za mu koma jastis, kotun da aka yanke hukuncin, a ba mu ma'aikacin da zai je ya zartar. Mu fara sauka wurin mai gari, jandarma sai in an ƙi. Sai dai ki ji wannan da kyau. Ba wanda ke son jan yarinya tana kururuwa. In ta ƙi bin ki, ma'aikacin zai rubuta abin da ya gani, kuma zuzu zai karanta."

Wannan maganar ce ta hana Balki sukuni duk kwanakin da aka yi ana kai da komo a kotu. Ba ta taɓa kawo wa ranta cewa yarinyar za ta iya ƙin ta ba.

Ranar tafiya suka shiga motar Mirriya su uku, ita da Madam Rahina da ma'aikacin kotu, wani dattijo mai jaka a hammata. Daga can suka sami wadda ta ƙarasa da su Hamdara. Mai gari ya saurare su, ya duba hatimin kotu, ya haɗa su da wakilinsa zuwa gidan Hajjo, uwar Sallau.

Sun tarar da matan gida a inuwa suna tsinkar gyaɗa daga harawa. Balki ta cire takalmi tun daga zaure, ta durƙusa har ƙasa. "Inna, mun same ku lafiya?"

"Lafiya lau," in ji Hajjo, ba ta daina tsinka ba. "Yau kuma da hukuma aka zo gaishe ni?"

Zuliha na zaune a gefen kakarta, ta yi baƙi ta ƙara tsawo, an yi mata kitson da ba na hannun uwarta ba. Kallo ɗaya Balki ta yi mata ta kawar da kai, kamar yadda ta saba a gaban manya.

Aka kira Sallau daga gona. Ma'aikacin kotu ya karanta hukuncin da Faransanci, ya maimaita da Hausa. Sallau ya share gumi ya ce, "Ni ban ɗaure ta ba. Ga ta nan, a tambaye ta."

Dattijon ya rage murya. "'Yata, ga Mamanki ta zo. Za ki bi ta gida ki koma lakwal wurin karatunki?"

Yarinyar ta ƙara shigewa jikin Hajjo. Ta daɗe tana wasa da ɓawon gyaɗa, sannan ta ce, "Ba ta so na. Munira take so. Ni ko sunana ba ta sani ba. Kuma ga shi ba ta zo ba sai yanzu."

Wata daga cikin matan ta yi 'yar dariya ta ce ai kunya ce, amma wa ya taɓa zaunar da Zuliha ya faɗa mata haka? Ita ba ta tashi cikin gwaggwanni ba, tsakanin gida biyu ta tashi, abin da kunnenta ya ji shi ta riƙe. Ma'aikacin kotu ya buɗe jakarsa ya fiddo alƙalami. Madam Rahina ta dubi Balki.

Balki na durƙushe. Ga tsohuwar surukarta, ga matan gida, ga wakilin mai gari, ga maza sun fara leƙowa ta katanga. Ta ga hannun dattijon ya soma tafiya a kan takarda. Ta buɗe baki.

"Zuliha."

Sunan ya fito a shaƙe, kamar ba nata bakin ba. Wata tsohuwa ta yi salati. Balki ta ɗago ta dubi 'yarta ido cikin ido, hawaye na zuba, ta ɗaga murya yadda har na bayan katanga suka ji. "Zuliha, ni na haife ki. Tun da kika tafi ban ci abinci ya zauna mini ba. Zo mu tafi gida."

Yarinyar ta saki ɓawon gyaɗar. Ta taso a hankali, kamar mai tsoron a ce wasa ake yi, sai da ta zo dab sannan ta faɗa jikin uwarta ta fashe da kuka. Dattijon ya soke abin da ya fara rubutawa.

Hajjo ta daɗe tana kallon su, hannunta ya tsaya cak a kan harawa. Daga bisani ta juya wajen Sallau, wanda shi ma ɗan farinta ne, ta ce, "Kai, wannan, ɗauko mata kayanta."

Sallau bai motsa nan da nan ba. Ya tsaya yana duban uwarsa, ƙato da shi da furfura a gemu, kamar yana jiran ta ƙara wata kalma. Ba ta ƙara ba, ta koma tsinkar gyaɗarta, shi kuma ya shiga ɗaki.

A motar komawa Zinder an cika maƙil, da buhuna da kaji da mutane. Zuliha na kan cinyar uwarta, ta riƙe gefen mayafinta gam. Sun wuce Mirriya kaɗan ta ɗago kai ta ce, "Mama, sake faɗi."

Balki ta dubi fasinjojin da ke kewaye da su, kunya ta taso mata har wuya. Ta sunkuya ta sa bakinta a kunnen yarinyar ta faɗa.

"A'a," in ji Zuliha. "Da ƙarfi, irin na Munira."