Gemun Badruddeen a Idon Tocila

A Nasarawa Gwom, duk wanda ya kunna tocila ya ga wani siririn layi ya ratsa hasken, sai ya ce, "Ga gemun Badruddeen nan." Asalin zancen, silin gashi ɗaya ne ya faɗo daga haɓarsa cikin mazubi ranar da yake haɗa shi. Mazubi kuwa ba ya rufa wa kowa asiri. Idon tocila ɗari uku aka zuba, kowanne ya fito da gemunsa.

Shekara ashirin da biyu Badruddeen yana zuba idon tocila da murfin fitilar babur na roba a shagon Oga Obiajulu. Mazubi iri uku ya sani, kamar 'ya'yan cikinsa. Na silikon mai laushi ne, ga arha, amma zubi ashirin ya gaji. Na alminiyam yana jure wuya, sai dai a yi ta gugarsa har yatsu su yi kanta. Na gilashi shi ne ɗan gata, fuskarsa sumul, amma sanyin Jos kaɗan sai ya tsage, don haka a cikin rigarsa yake ɗumama shi kafin zubi.

Abin da bai faɗa wa kowa ba, har matarsa Madina, shi ne idonsa ya fara yana. Ya daɗe yana duba aiki da yatsa, don ya san ranar da Oga ya gane, aikin ya ƙare. Yatsa kuwa bai ji silin nan ba.

Da 'yan kasuwa suka dawo da kaya, Oga ya ɗaga ɗaya a gaban ma'aikata.

"Baba, mene ne wannan a ciki?"

Badruddeen ya juya shi, ya sake juyawa. "Lafiyarsa ƙalau, Oga."

Shago ya kwashe da dariya, har da waɗanda ya koya wa aikin. Kafin wata ya mutu an sayo mazubin ƙarfe mai aiki da inji, shi kuma aka ba shi benci a bakin ƙofa, yana cusa kaya a leda. Mazubin gemun ma ba a yar ba, Oga ya rataye shi a bango don nuna wa baƙi.

Rannan Jabir, tsohon yaron Badruddeen da ke kan injin yanzu, ya leƙo. "Baba, a kawo reza ne, ko akwai sauran odar mai gemu?"

Badruddeen bai daina ɗaure leda ba.

"Ku da kuka gan shi, Jabir, ku yi ta dariya. Ni har yau labarinsa nake ji."