Jar Hular Jajibiri

Kakata Hajo ce ta rene mu, ni da ƙanwata Hadiza, a wani ɗan gida a gefen Tawa. Uwarmu ta rasu, babanmu kuma yana ci-rani a Abijan, sai dai labarinsa. A shekarun farko na samun mulkin kai azumi cikin ɗari yake faɗowa. In an sha ruwa sai Kaka ta hura wutar kara a tsakar gida, ta miƙe ƙafa, ta ɗauki mazarinta, yaran maƙwabta su kewaye ta. Bakinta na tatsuniya, hannunta na kaɗi, don da zaren nan take ciyar da mu.

Shirin Salla a wurinta tun ganin wata yake farawa. Tana da wani tsohon kallabi. Duk zaren da ta sayar sai ta ƙulle kuɗin a gefe guda, kowane ƙulli da aikinsa. Gishiri da daddawa da tattasai da wuri take saye, ta ce in goman ƙarshe ta shigo har gishiri rawani yake naɗawa. Sabuwar riga kuwa babu. Ta bara take kaiwa marina a sake rinawa, a buga ta fito tana ƙyalli. Babban ƙulli na shinkafa da nama ne, ba a kwance shi sai jajibiri. Ran Salla kowane gida yakan aika wa maƙwabta abinci, kuma akushin da ya shigo cike ba ya komawa wayam. Wannan kunya ce Kaka ta fi tsoro bisa ga yunwa.

Wata shekara gwiwarta ta kumbura, ta kasa zuwa kasuwa. Ran jajibiri ta miƙo mini babban ƙullin ta ce, "Maigida, yau kai za ka yi cefane. Ka tahi wurin mai shinkafa, ka bi ta mahauta, ka komo. Kada ka tsaya kallo."

Na tsaya kallo. Wani ɗan koli ya baza jajayen huluna irin waɗanda ƴaƴan ma'aikata suke zuwa da su lakwal, wato makarantar boko. Na gwada ɗaya, ya nuna mini madubi. Ban san sa'ad da na kwance ƙullin ba. Na yi ta yawo da hular a kaina cikin rana ina gumi, sai dab da gida na cusa ta cikin riga, na shiga ina kuka wai kuɗi sun faɗi.

Kaka ta dubi goshina ta daɗe. Ta ce, "To. Wanke fuskarka, an kusa shan ruwa." Sai da na ga ruwan ƙwarya ya yi ja na gane rinin hular ya zuba.

Daren nan ta hura wuta kamar kullum, amma ba ta taɓa mazari ba. Muryarta a gajiye ta buɗe tatsuniya ta ce, "Ga wata nan tafe daga nesa."

Muka ce, "Ta iso mu ji ta."

Ta ce a da can kan ƙadangare da jikinsa launi ɗaya ne. Matarsa ta yi rani guda tana tsintar hatsi ƙwaya-ƙwaya, ta ba shi ya musanyo musu abincin Salla. A kasuwa ya ga jar hula, ya ba da hatsin duka. Da ya zo ƙofar gida ya so ya cire ta ya ɓoye, hula ta ƙi fita, ta manne da fata. Ya ce wa matar shaho ne ya fizge kayan.  Matar ta ɗora tukunyar ruwa zalla a murhu don maƙwabta su ga hayaƙi.

"Tun ran nan yake hawa katanga yana gyaɗa kai. Ku kuna cewa gaisuwa yake. Magana ce a bakinsa ta ƙi fita. Nan ta ƙare, kowa ya tahi ya kwanta."

Hadiza ta ce, "Kaka, matar ba ta doke shi ba?"

"Ta gaji, ɗiyata. Duka ma sai da ƙarhi."

Da safe bayan idi akusa suka fara shigowa. Kaka ta hana mu taɓa ko loma. Abincin gidan liman ta juye ta aika gidan mahauci, na mahauci ta aika wa maƙwabciyarmu da ake kira Ta-Barmu, na Ta-Barmu ya tafi gidan liman. Ni ne ɗan aike, kaina babu hula. Babu akushin da ya koma wayam.

Bayan la'asar sai ga Ta-Barmu da kanta, da akushi a hannu. Ta zauna ta ce, "Hajo, na ɗanɗana miyarki gidan liman. Hannunki ya fara kama da nawa."

Kaka ta ce, "Zama tare ne."

"Wanga ba na Salla ba ne, saura ne ya yi mini yawa. Kada in ga ya komo da komi a ciki."

Ni da Hadiza muka ci. Kaka ta ce azumi ya ƙanƙance mata ciki, ta juya fuska ga bango.

Hular ban ƙara sa ta ba. A bayan rumbu gara ta cinye ta. Kaka ta rayu ƴan shekaru bayan haka, tana kirana maigida har ta rasu, ni kuwa kullum ina cewa gobe zan faɗa mata.

Na daɗe ina zaton tatsuniyar gargaɗi ce a kan almubazzaranci, har nakan sayi gishirin Salla da wuri ina jin na biya bashi. Sai da na tsufa na gane ba kuɗin take nema ba, hanya ta buɗe mini in yi magana, na ƙi bi. Yanzu kaina yakan yi rawa da kansa in na zauna jikin katanga. Jikokina na dariya, suna cewa, "Kaka, wa kake gaisarwa?"