Neman Filin Yaƙi a Maiduguri

Ana idar da sallar asuba muka bar Kano, mu uku ban da direba: ni da darakta da mai ɗaukar hoto. Abin da ya ɗauke mu zuwa Maiduguri wani tsohon wasan kwaikwayo ne da muka karanta tun muna sakandare, labarin wani sarki mayaƙi da ya ci garuruwa da yawa. Darakta yana so ya mayar da shi fim, ni kuma aka ba ni rubutawa. Ya kafe a kan sai a ƙasar Borno za a ɗauki fagen yaƙin, saboda shimfiɗaɗɗen filinta. Mai fim ɗin kuwa, wanda ya zuba kuɗin, mako guda ya ba mu mu samo wuri, in ba haka ba ya janye hannunsa.

Hanya lafiya lau har Potiskum, inda muka karya da waina da miyar taushe. Daga Damaturu ne hira ta mutu a mota. A kowane shingen sojoji sai an sauke mu, a buɗe akwatin kyamara, a tambaye mu abin da za mu ɗauka. Darakta ya ce wa wani soja fim ɗin yaƙi ne. Kallon da aka yi masa ya sa daga nan muka koma cewa fim ɗin tarihi. A gefen titi ƙauyuka ne babu rufi, bangaye sun yi baƙi, ko akuya ba ka gani. Direba sai duba agogo yake, don da la'asar ake rufe hanyar shiga gari. Da kyar muka tsallake, bayana kamar an daka shi a turmi.

Washegari muka hau Keke Napep, tunda babu babur a garin, muka tafi neman izini. Jami'in da muka samu ya saurare mu da mutunci. Darakta ya lissafa masa: dawakai arba'in, bindigogin toka, hayaƙi, da fili a wajen Konduga. Mutumin ya cire tabarau ya ce, "Ku harba bindiga a hanyar Konduga? Kafin ku ce wasa ne, mata sun kwashi 'ya'yansu sun shiga daji." Doki ma, in ji shi, an hana hawansa. Muka fito. Na zagaya Kasuwar Kwastam na saya wa mai ɗakina laffaya da turaren wuta, farashin ya ɗara na Kano amma ƙamshin ba a haɗa su. Mai ɗaukar hoto kuwa a kan gashin nama na danderu ya huce haushinsa, ya ci naman har ya fara gyangyaɗi.

Rana ta uku darakta ya ce ko ba komai mu nemi dogayen maza da za su fito a rundunar sarki. Muka nufi Kasuwar Shanu. Rana ta take, ga ƙuda, ga warin kashin shanu, ni dai ƙafata kawai nake ja. Wani dattijon dillali, Babarbare mai tsage a kumatu, ya ce mana "Wushe," wato sannu, ya ba mu benci, ya aika a kawo shayi. Da ya ji abin da ke tafe da mu, ya ce in karanta masa kaɗan daga abin da na rubuta.

Na zaɓi wurin da na fi alfahari da shi: sarki ya ci gari, an buga tambura, mutanen garin sun watse suna ihu da kaya a ka.

Dattijon ya ce da Hausarsa mai nauyin Barbarci, "Malam, ba a ihu. Bakin yaro ma toshewa ake yi. Kaya kuma wa ya ba ka lokacin ɗaure shi? Ni da takalmi ɗaya na fito." Daga wani ƙauye bayan Konduga yake, yana da shanu sittin a da. Yanzu na wasu yake sayarwa.

"To waɗannan da suka watse," ya ce, "ina suka je?"

Na ce littafin bai faɗa ba, sarki labarin yake bi.

Ya nuna wata rumfa kusa da turakun shanu. "Nan suka zo. Wata bakwai na kwana a can da iyalina."

Darakta ya ajiye kofin shayinsa. Ba mu ƙara yi wa kowa maganar shiga runduna ba. Muka yi sallama, dattijon ya ce Allah ya ba da sa'a, ya koma wajen wani mahauci da ke taya wani bijimi.

A hanyar dawowa muka yi ta ja-in-ja. Na ce sai kyamara ta bar sarki ta bi iyali guda daga cikin waɗanda ya kora. Darakta ya ce mutane jarumi suke zuwa kallo, kuma fim ɗin zai yi tsawo. Sai wajen Azare ya ce, idonsa a rufe, "Minti goma na ba ka." Fagen yaƙin kuma aka tsayar za a ɗauka a Jigawa, mai fim ya amince ta waya.

Mun shiga Kano bayan magariba, babu wuri, babu doki, babu ɗan wasa ko ɗaya. Kwana biyu na yi ina jinyar baya kafin na iya zama a kan tebur. Shekara da shekaru ina son sarkin nan, kuma har yanzu ban ƙi shi ba. Amma ban taɓa tambayar inda mutanen da ya ci garinsu suka kwana ba sai da na sha shayin ɗaya daga cikin irinsu. Minti goman nan su nake rubutawa yanzu, kuma sun fi duk sauran fim ɗin ba ni wahala.