Gwangwanin Madarar Nathan

Nathan maƙwabcina ne a Jikwoyi, mutumin Kafanchan, kuma duk layinmu an san shi da farin gashin ido. Ba tsufa ba ne, ƙurar dutse ce. Sana'arsa gyaran dutsen giranait da masu hali ke shimfiɗawa a kan kantar kicin: ya yanka, ya gurje da inji, ya goge har ka ga fuskarka a ciki.

Mutumin nan tattalin dutse yake yi kamar jariri. Idan ya gama aiki a Gwarimpa, sai ya tsare 'yar aikin gidan da huɗuba: ban da lemon tsami, ban da soson ƙarfe, ruwan ɗumi da ɗan sabulu kawai, a tsane da tsumma mai laushi. Abin da ke ƙona mini rai, ko rabin wannan kulawar bai taɓa yi wa ƙirjinsa ba. A bushe yake gurza, wai ruwa na ɓata lokaci, takunkumi kuma na hana shi shan iska. Da yamma sai ya huda gwangwanin madara, ya ɗaga kai ya shanye. Haka ogansa ya koya masa, wai madara na wanke ƙura daga ƙirji.

Na sha yi masa tsiya. "Nathan, madara ciki take tafiya, ina ta ga huhu?"

"Bar ni, Maman Kauthar," in ji shi. "Ogana yana sha tun ina yaro, kuma yana nan lafiya lau."

Bara ogan ya rasu da tari. Bana Nathan ya fara nasa. Likita ya ce ƙurar ta riga ta zauna a huhu, babu maganin da zai fitar da ita. Matarsa Elizabeth ba ta daina sayo madarar ba, ni kuma na daina tsiyar, don tausayi ya fi ƙarfina.

Jiya ina zaune wajensa wata madam ta kira shi a waya, wai manja ya kwana a kan dutsenta. Sai ga shi ya gyara zama, fuskarsa ta washe.

"Madam, ki samu... ki samu..."

Numfashin ya ƙi kai shi ƙarshen maganar. Ta yi ta "halo, halo", sannan ta ce sabis babu kyau, za ta nemi wani. Ya daɗe riƙe da wayar a kunnensa bayan ta kashe.